Cokalin Barmo

Jika ɗaya da rabi na biya a babbar kasuwar Maraɗi,
ɗan kifin roba, ido ja, ciki kamar azurfa,
ƙugiya uku a wutsiya.
Mai tebur ya rantse daga ƙasar ƙanƙara ya taso,
can inda kogi ke da sanyi, kifaye da ɗige-ɗige a baya.
Na jefa shi aljihu, na nufi tasha ina murmusawa.

Madarumfa da hantsi.
Tafki ya ja da baya, laka tana tsattsagewa,
gawo ya yi ganye shi kaɗai, don shi da rani yake shiri,
zalɓe a ƙafa guda, kamar mai bin bashi
da ya san ba inda ruwa zai gudu.

Barmo na gindin gawon, gwangwanaye uku a gabansa,
gora a gwiwa, zare a babban yatsa.
"Mi ka kawo, ɗan birni?"
Na miƙa. Ya juya. Ya kai hanci.
"Ba shi wari," in ji shi, ya maido mini.

"Dubi ruwan ga, kunu ne.
Wa zai ga azurfa a cikin kunu?
Tarwaɗa ba da ido take cin abinci ba,
da gashin baki take lalube a ƙasa,
a ba ta hanjin kaza da ya kwana biyu,
wanda kai kanka sai ka kau da kai.
In babu, yanki sabulun wanki, ba ta ƙi.
Karfasa kuwa 'yar gayu ce, bakinta ƙanƙane,
gara take so, ta suri, mai farin ciki,
ko tanar da na tono gindin randa da asuba.
Ita gaiwa, bar ta da Allah,
ta ci koto, ta ci zare, ta nemi yatsa."

Na ji. Ban ɗauka ba.
Na ɗaura jika da rabi, na wurga da ƙarfi,
na jawo a hankali yadda mai tebur ya koya mini.
Sau bakwai: ciyawa, ciyawa, tsohon takalmi,
na takwas ya kama wani abu mai nauyin gaske,
zuciyata ta ce giwan ruwa!
Saiwa ce.
Zare ya ce tas, ya dawo mini ba kai ba wutsiya.

Barmo bai yi dariya ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi.
Ya kwance bakin zane daga aljihun taguwa,
ga cokali, an yanke mariƙi, an huda gaba da baya,
an goge shi da toka har ina ganin hancina.
"Na shayin marigayiya ne.
Ba ƙyalli na ƙi ba, ranarsa ce ba ta zo ba.
In sanyi ya shiga, laka ta kwanta,
ka ga farcen ƙafarka a ruwa zuwa gwiwa,
sannan nika sake shi, shi yi rawa kamar ɗan kifi mai rauni.
Sau huɗu ya kawo mini babba. Shekara tara."
Ya naɗe. Ya turo mini gwangwanin gara.

La'asar sakaliya na kama karfasa biyu,
ko tafin hannu ba su cika ba.
A mota wata tsohuwa ta matsa daga kusa da ni,
warin hanji ya bi ni har Zariya, har ƙofar gida.

Na koma da bazara, ruwa ya ƙara janyewa,
saiwar nan ta fito fili, ba komai a jikinta.
Sai ga jikan Barmo a guje, ba riga,
ɗan kifina a wuyansa, an cire ƙugiyoyin,
idon nan ja yana lilo a ƙirji.
Barmo ya ce, "Ka gani, ya kama.
Kowane koto da mai cinsa."